Dashen Subhan Kak

Shekara arba'in, babu mai dasa hak a ƙauyenmu sai mijina Subhan Kak ya ce a dasa. Hak kuwa shi ne cefanenmu, ganyen da shinkafa ba ta wucewa sai da shi. In sanyi ya fara sauƙi sai ya tsuguna, ya tura hannu cikin ƙasa, ya dubi dutse, ya ce saura farar raɓa biyu, ko saura ɗaya. Raɓar nan mai daskarewa ba ta kashe babban hak, zaƙi ma take ƙara masa, amma ɗanyen dashe a safiya ɗaya take gamawa da shi.

Bara hankalinsa ya fara guduwa. Wani lokaci ni ma sai ya tambayi sunana. Maƙwabta suka koma duba ranaku a waya, suna wuce ƙofarmu da sallama kawai. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya Lassa maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana ƙunshe dariya.

"Kak, yau babu fatawa? A dasa ko a jira?"

Subhan ya ajiye tukunyar garwashin da yake jin ɗumi da ita, ya fita ya taɓa ƙasa.

"A dasa," ya ce.

Itacen almon, mai nuna ƙarshen sanyi, ko toho bai yi ba. Jariri ma ya san da sauran mako uku. Lassa ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Me kake wa dariya, mai kan kabewa?" na ce. "Ya ce a dasa, za a dasa."

Na yaye ledar da ke kan irin da na rena, wanda na zo da shi daga gidan uwata, na dasa shi kaf a gaban Lassa. Subhan na tsaye yana nuna mini layi da sanda, fuskarsa kamar ta angon jiya.

Bayan kwana huɗu raɓar ta sauka. Da gari ya waye fangali duk ya kwanta, baƙi ƙirin. Subhan ya fito ya daɗe yana kallo. Ya tsuguna ya taɓa ƙasa, sai na ga idonsa ya washe, mutumin da na aura ya dawo, har ya kira sunana.

"Rehti, wane sakarai ne ya yi dashe yanzu?"

Na gyara masa wuyan riga.

"Ni ce, Malam. Ban tambaye ka ba."

"Ke dai ba kya jin magana," ya ce. "Gaba ki riƙa tambayata."