Muzurun Bama

...ai birrai ne, haka aka ce musu. Bature ya faɗa, Samanja ya fassara, majigi ya nuna a jikin farin ƙyalle: haƙora a waje, wutsiya a bayan wando. Sojan Jafan ba ɗan Adam ba ne, ba ya jin zafi, ba shi da uwa. Datti yana ɗan shekara sha tara, wa zai yi wa musu?

Yanzu ga shi a keken guragu a farfajiyar Harami, Sufyan ɗansa ya tafi alwala ya bar shi a inuwa. Shekara arba'in yana zaune a unguwar Tandabawi nan Makka, tuban da bai yi ba kaɗan ne. Wannan kam bai taɓa sa shi a lissafi ba. Wa ke tuba don ya kashe biri?

Taɓo har gwiwa... dajin ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, ruwan sama, ƙudaje. Wani sojan Jafan yana kwance, hanjinsa a tafin hannunsa, leɓe ya tsage. Mizu, mizu. Suka tuntsire da dariya: ku ji, biri yana kiran muzuru! Datti ne ya matsa. Wuƙar bindiga a maƙogwaro, sau ɗaya, sau biyu, na ukun don 'yan'uwa su ƙara dariya. Jinin da ɗumi ya fantsamo masa har baki. Tun ranar ake ce masa Muzurun Bama. Jikokinsa ma haka suke tsokanarsa, shi kuwa har washe baki yake.

Wannan alhajin fa, me ya tsayar da shi a gabansa? Gajere, cikin harami, jakarsa da farar tuta mai jar da'ira a tsakiya. Datti ya san tutar, ta Jafan ce. Mutumin ya rusuna, ya miƙo kofin zamzam da hannu biyu.

“Mizu,” in ji shi, yana murmushi. Ya ga tsoho bai gane ba, sai ya gyara da Larabcin Makka: “Moya, Hajji. Moya.”

Ruwa. Ashe ruwa wancan sojan yake roƙo.

Gorar ruwan Datti tana ƙugunsa ran nan, cike fal, yana jin nauyinta duk sanda ya soka. Ya Rabbi, da wane suna zai nema masa gafara, a wurin wa zai nemi tasa? Alhajin bai sauke hannu ba, yana jira. Na Datti kuma sun ƙi tashi daga cinyarsa.