Kunamar Hedley Sugden

"Riƙe shi da kyau, tsoho. In ka motsa na ƙona azurfar, kada ka zo kana yi mini kuka."

Selwyn Hinchliffe bai ɗago kai ba. Wutar liƙi na hannunsa na dama, dalma na hagu. Maƙwabcinsa Hedley Sugden ya rungume yufoniyam a kan teburin aiki kamar mai riƙe jariri a wurin allura. Ƙaton ƙaho ne mai ruwan azurfa, mallakar ƙungiyar badujalar garin, amma shekara arba'in da ɗaya ke nan yana hannun Hedley.

Duk shekarun nan Selwyn ta bango yake shan busar, don gidajensu a manne suke. Shi bai taɓa gane abin burgewa ba a ce garada su sa jar kwat mai igiyoyi su tsaya suna kumbura kumatu. An rufe mahaƙar kwal inda ya yi kanikanci, rabin shagunan layin sun bi ta, su kuwa suna nan suna cacar baki a kan wa zai zauna a kujerar farko, ta babban mai busa.

Kujerar ce ta kawo Hedley rumfarsa. Irin wannan ƙaho yana da sautuka biyu-uku na sama da suke zarcewa, sai mai busa ya danne su da leɓe. 'Yan zamani kan sa masa kunama irin ta bindiga: a danna da babban yatsan hagu, ta tura bututun saiti waje kaɗan, sautin ya sauko daidai. Hedley ya sha tsayawa a gidan giya yana kiranta sandar guragu. Sai likita ya cire masa haƙora ya sa na roba, leɓe ya daina jin magana. Sabon jagoran busa ya gaya masa a gaban kowa: wata ɗaya, in bai gyara ba kujerar ta koma hannun Darren, surukin ciyaman.

"Sandar guragu," in ji Selwyn yana hura dalma. "Yau ga gurgu da ƙafarsa."

"Kai dai yi aikinka. Kuma ƙarama nake so, wadda za ta shige ƙarƙashin ƙyalle."

Tun yana saurayi Hedley da ƙyalle ruwan ɗorawa yake riƙe ƙahon, wai kada gumi ya ci azurfar. Kowa ya saba ganinsa haka.

"Wato ka ci amfaninta, ka ci gaba da zaginta."

"Na tambaye ka wa'azi?"

Kwana uku Selwyn ya yi a kanta. Ya yanko hannun birkin tsohon keke ya goge shi har ya dawo kamar ɗan yatsa, ya murɗa sifirin da kansa, ya bi bututun da man giris har yana zamewa ba ƙara. Da ya gama, Hedley ya lulluɓe ta da ƙyallen, ya busa, ya hau sautukan sama a hankali. Sautin da ya yi wata shida yana kunyata shi ya zauna daram.

"Ka ji?"

"Na ji. Tun kafin a haifi 'ya'yana nake ji."

Hedley ya goge baki. Ya rage murya.

"In na faɗi, ka cire ta kafin ciyaman Firth ya zo. Na san shi, ba zai jira a kai ni ƙasa ba."

"Kai da za ka binne mu duka?"

"Selwyn."

"To, na ji."

Mako uku aka yi ana yabon busar Hedley. A layin gidan waya Selwyn ya ji Mista Firth, ciyaman ɗin ƙungiya, yana cika baki kamar shi ya yi busar: "Leɓen mazan jiya ke nan! Ba ƙarfe, ba dabara." Mutumin da ya gama shirya wa surukinsa kujera. Selwyn ya sayi kan sarki ya fito.

Ranar Talata da hantsi Enid, matar Hedley, ta buga bango da ƙarfen tonon wuta sau uku. Selwyn ya shiga ta ƙofar baya. Hedley na kan kujerarsa kusa da murhu, jarida a cinya, shayi a gefe ko kurɓa bai yi ba. Haɓarsa ta sauka kan ƙirji.

"Na ce masa ƙwai ɗaya ko biyu," in ji Enid. "Bai amsa ba."

Selwyn ya cire masa tabarau ya ninke. Ya kira likita.

Ƙarfe uku na yamma Firth ya iso, hula a hannu, fuska a jiƙe kamar an shafa mata ruwa a bakin ƙofa. Yana gaisuwa, idonsa na bayan doguwar kujera inda akwatin ƙahon yake.

"Enid, ba don komai ba. Darren ne zai busa masa a jana'iza, to gara ya fara sabawa da shi tun yau."

Selwyn ya miƙe ya ɗauki akwatin.

"Ina za ka kai shi, malam? Kayan ƙungiya ne. Ba a taɓa shi sai da izinin kwamiti."

"To kira kwamitin naku. Ga kujeru nan, an fitar da mai gidan."

"Ni na ce ya wanke shi," in ji Enid, ba ta kalli kowa ba. "Yawun mijina ne a ciki. Ba zan miƙa wa wani haka ba. Ka dawo gobe, Mista Firth."

Firth ya juya hularsa sau biyu, ya ce ai haka ne, ai haka ne.

A rumfa Selwyn ya buɗe akwatin ya yaye ƙyallen. Tun da aka rufe mahaƙa bai yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa ganinsa. Da zai bar kunamar, Darren ma zai gode, a zo ana tambayar wa ya ƙera. A kuma yi shekara goma ana dariyar Hedley a gidan giya, wawaye suna kwaikwayon yatsansa. Ya yi tsaki, ya kunna wuta.

Dalmar ta narke, kunamar ta faɗo tafin hannunsa. Ya kankare wurin, ya goge har tabon ya ɓace cikin tsofaffin ƙarce-ƙarce. Ya ɗan buɗa bakin bututun don ya koma da taurinsa na da. Sannan ya wanke ƙahon da ruwan ɗumi, tunda Enid ta ce an wanke.

Ranar Juma'a 'yan badujala suka jeru a ƙofar coci cikin jajayen kwat, hular Hedley a kan akwatin gawa. Suka ɗauki waƙar bankwana a hankali. Da aka zo inda yufoniyam ke hawa shi kaɗai, Darren ya cika ƙirji ya hau, sautin ya zarce, ya tsaya a sama yana soka kunne. Jagora ya runtse ido. Kunnuwan Darren suka yi ja.

Firth ya sunkuyo kusa da Selwyn.

"Hedley da leɓe kawai yake kwantar da wannan. Da haƙoran roba fa!"

"Haka aka ce," in ji Selwyn.

Bai bi su cin abinci a zauren ƙungiya ba. Ya koma rumfa da baƙar kwat ɗinsa, ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Kunamar na kan tebur. Ya ɗauka ya danna da babban yatsa. Siririyar sandar da ke jikinta ta fita, ta dawo, ta fita, babu abin da take turawa.