Jagora a Cikin Baro

Tayar baron ta sake kafewa a laka, Nakawunde ta zage ta tas, ta ƙara dannawa. A cikin baron maƙwabcinta ne, tsoho Lubwama, an dunƙule shi kan busasshen ganyen ayaba, ƙafafunsa na reto.

"A hankali, mai bakin reza," in ji shi. "Ba buhun gawayi kika ɗauko ba."

"Gawayi ya fi ka nauyi. Rufe min baki."

Tun shekaranjiya asibiti suka ce a mai da shi gida, ba sauran abin da za su iya yi masa. Gobe 'ya'yansa za su kwashe shi zuwa garin Masaka. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a kai shi bakin fadama, don a wannan makon fararen tsuntsayen nan masu gudun sanyin Turai suke sauka. Idonsa ya daɗe da mutuwa, amma kunnensa garau.

A ƙofar shingen da aka kewaye fadamar da shi, Ssekandi mai gadi ya miƙe.

"Iya, ba a shiga sai da takardar ofis da jagora. Yau kuma Lahadi."

"Jagora? To wannan na cikin baro mene ne, kabewa? Wa ya koya wa jagororin naku bambanta zalɓe da gauraka?"

"Na sani, Iya, amma..."

"Ba ka san komai ba! Lokacin da aka ce mu bar gonakin gwaza don ruwa ya dawo, wa ya fara tuge nasa? Wa ya cike magudanan nan da fartanya har bayansa ya karye? Ni ma tawa gonar tana ƙarƙashin ruwan can. Aka ce fadamar ta kowa ce. Yau ga kwaɗo a ƙofa!"

"Aikina za ki ci, Iya. 'Ya'ya biyar gare ni."

Lubwama ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Haka yake wa baƙi masu kallon tsuntsaye a kwalekwale in tsuntsu ya matso, kowa ya yi tsit. Nakawunde ba ta taɓa shiga kwalekwalensa ba, sai ta ɗauka haƙuri yake ba ta.

"Sauke hannunka! Haƙurinka ne ya kawo mu nan. Shekara goma sha biyu kana tuƙa Turawa, ko sunanka babu a allon can."

Ta juya kan mai gadi, ta dawo da zance tun daga farko, har da uwarsa da ta yi wa unguwarzoma.  Ssekandi dai baron yake kallo. Can ya cire hularsa, ya lalubo makulli.

"Af, ashe kana da kunya," in ji ta. "Tsoho, mun ci..."

Yatsan Lubwama ya riga ya sauka kan ƙirjinsa. Kansa a karkace wajen ruwa, baki a ɗan buɗe, babu numfashi.

Sai a lokacin ta ji tsuntsayen. Dubbai ne, kuka siriri a bayan ciyayi, ko'ina ya ɗauka. Ba ta san tun yaushe suke yi ba.

"Ya ji?" ta ce. "Kai, ya ji su?"

Ssekandi ya sunkuyar da kai. Ya kama hannun baron ɗaya, ta kama ɗayan, suka tura har bakin ruwa. Nakawunde ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kama bakinta da tafin hannu. Fararen tsuntsayen suna ta sauka kan gonarta.