Shelar Ɗauke Akwati

Shekara ashirin da uku ke nan ina shela a Kukar Mani, wani ɗan ƙauye tsakanin Tafoki da Faskari, wanda in direba ya yi atishawa sai ya wuce shi bai gani ba. Sunana Nata'ala. Wurin mahaifina na gaji sana'ar, kuma in ban da murya ban san abin da Allah ya ba ni fiye da kowa ba. Tsawo babu, gona 'yar madaidaiciya, jarumta kuwa matata Hussaina ta ce ko zakara ya yi mini tsawa sai na ba shi haƙuri. Ban taɓa musa mata ba.

Shela a wurinmu tana da ƙa'ida biyu, kuma ko yaron goye ya san su. Ta farko, ba a sakin magana babu uba. Kafin ka faɗi komai sai ka faɗi wanda ya aiko ka: Mai Gari na gaishe ku, Liman na gaishe ku, wane da tunkiyarsa ta ɓace na gaishe ku. Ta biyu, wanda aka ambaci sunansa shi ke gaba. In gayyar gyaran hanya ya kira, fartanyarsa ce za ta fara sara. In tafiya ya kira, a ƙofar gidansa ake taruwa a bi bayansa. Ni indararo ne kawai, ruwan daga sama yake.

Shekara huɗu da suka wuce aka raba wa masu shela lasifika mai batir saboda aikin rigakafi, da ɗan alawus a kai. Wanda ya sa sunana a takardar shi ne Alhaji Uwais, shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu. Ya yi shekara ashirin a Kankara yana fataucin hatsi, ya dawo gida da tumbi da siyasa. Tun ranar da aka miƙo mini lasifikar nan bai taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai "amanata". Ni kuwa na ƙaunace ta. Mutum ya haura hamsin, maƙogwaro ya fara kawo ƙara, sai ga abin da za ka yi wa raɗa ya tashi unguwa guda. Har mayafi Hussaina ta ɗinka mata.

Da kansilanmu ya rasu aka sa ranar zaɓen cike gurbi, garin ya dare biyu kamar an sa wuƙa. Unguwar Gabas ta Alhaji Uwais ce. Unguwar Maƙera ta 'yan adawa ce, kuma bakinsu shi ne Gide, dillalin shanu mai cin kasuwar Sabuwa, wanda rana ɗaya aka yi mana kaciya da shi. Maƙera sun fi yawa, sun kuma fi fushi. Taki ya zo, ya ƙare a Gabas. Famfon burtsatse biyu suka lalace, na Gabas ya warke cikin mako guda, na Maƙera har tsuntsaye sun yi sheƙa a kansa. A teburin mai shayi kullum zancen ke nan. 'Yan Gabas su ce ai gwamnati uwa ce, kuma uwa ɗan da ke kusa take fara ba nono. Gide ya ce to su marayu ne, kuma ranar Asabar za su zaɓi wata uwar.

Ni kuma in na zo wucewa sai ya ɗaga murya. "Ga bakin gwamnati nan! Nata'ala, yau mi aka zuba maka?"

"Abin da aka zuba maka da safe, koko," in ce da shi, in ƙara sauri.

Ranar Alhamis bayan la'asar Alhaji Uwais ya aika a kira ni. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, ya ture hula gefe.

"Malam Nata'ala, ya amanata? Tana magana kau?"

"Tana yi, Alhaji, Allah shi ƙara girma."

"Madalla. Gobe da hantsi ka shiga Maƙera ka shaida masu an ɗauke akwati daga firamare, an mai da shi Tafoki. Saboda tsaro."

Na san hanyar Tafoki kamar tafin hannuna. Tafiyar kusan awa biyu ce a ƙasa, ga rafi ya kawo saboda damina. Tsofaffi ba za su je ba, mata ba za a bar su ba, waɗanda suka je kuwa kafin su gane babu akwati su juyo, an rufe layi.

"Maƙera kaɗai, Alhaji? Gabas fa?"

"Gabas sun ji."

"Mai Gari ya sani?"

"Mai Gari na Katsina wurin likitan ido. Ko kana so in bi shi da zancen akwati yana kwance?"

"A'a, Allah shi ba shi lafiya. To in ji wa zan ce?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi shekarun matarsa. "Ka ce hukuma. Haka ake yi a rediyo." Sai ya gyara zama, ya ƙara da murya mai taushi, "Ka san Salahuddeen, ƙanen maiɗakina? Shi ma Allah ya ba shi murya. Kullum sai ya tambaye ni wai lasifikar nan ta gado ce ko ta gwamnati."

Na ce Allah ya raya Salahuddeen, na nemi takalmana.

A gida na kwashe duka na gaya wa Hussaina tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago ba.

"To mi za ka yi, Malam?"

"Zan yi istihara."

"Istihara kan ƙarya? Wace amsa kake jira?"

Na ce mata ita ba ta san siyasa ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san ranar da mutanen Maƙera suka dawo daga Tafoki da taɓo har gwiwa, ba gidan hukuma za su nufa ba, tunda ba su san ƙofarsa ba. Namu suka sani.

Zan so in ce na kwana ina gwagwarmaya da zuciyata. Barci na yi har da minshari, domin na riga na yanke: zan ce hukuma, in faɗi abin da sauri, in ɓace. Kowa ya san ni ɗan aike ne.

Da hantsin Juma'a na saɓa lasifika na tsaya a bakin injin niƙa na Maƙera, inda nake fara tsayawa kullum. Mutane sun fi yadda na so yawa. Gide na zaune kan benci yana yankan farce. Na kunna, na hura sau biyu.

"Jama'a, ana gaishe ku! Hukuma na gaishe ku! Ta ce a shaida maku an ɗauke akwatin zaɓe daga firamare..."

"Dakata, kai!"

Hajiya Fatsuma ce, tsohuwar ungozomar garin. Ita ta yanke wa rabin mutanen wurin cibi, har da ni, shi ya sa ba ta ganin furfurar kowa. Ta dogara sandarta ta matso har gabana.

"Wa ka ce yana gaishe mu?"

"Hukuma, Hajiya."

"Ɗiyar wa ce? A wace unguwa take? Ni shekara tamanin ina jin shela a garin nan, ubanka bai taɓa kawo muna magana marar uba ba. In gaisuwa ce, ai sai mu san wanda za mu amsa mawa. In ji wa?"

Mai injin ya kashe injinsa. Na duba lasifikar, da mayafinta mai ɗinkin zare ja. Na duba tsohuwar. A nan na gane abin da ban gane a zaure ba: in na ce hukuma sau ɗaya aka bi aka faɗa rami, gobe ko wuta na ce ta tashi sai an aika yaro ya dubo. Lasifika kuwa ba ta da amfani a hannun wanda ba a yarda da shi ba, sai dai ta kai ƙaryarsa nesa.

Na ɗaga ta, na ƙara murya har ƙarshe, na sake daga farko yadda aka koya mini.

"Jama'a, ana gaishe ku! Alhaji Uwais na gaishe ku! Ya ce a shaida maku an ɗauke akwatin zaɓe daga firamare, an mai da shi Tafoki, saboda tsaro!"

"Yawwa," in ji Hajiya Fatsuma. "Muna amsawa. Tunda shi ya kira, gobe sai mu hallara ƙofar gidanshi shi ja mu. Ni ma a nemo mani jaki."

Gide ya ajiye reza. Ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta ci ƙarfinsa har ya zamo daga benci.

Tunda na riga na jiƙe, sai na yi wankan gaba ɗaya. Wuraren tsayuwata bakwai ne a garin, uku a Maƙera, huɗu a Gabas, kuma shela ba ta tsallake unguwa. Na bi su duka. A Gabas abin ya fi rikitarwa, domin su an bi su gida-gida an ce su zauna, akwati na nan inda yake. Yanzu ga sunan shugabansu a lasifika yana cewa akasin haka. Suka yanke abin da kowane mai hankali zai yanke: gobe su je ƙofarsa su ga inda zai sa ƙafa.

Asabar da sassafe ban iya zama a gida ba. Na je na laɓe bayan dalbejiyar da ke kallon gidan Alhaji. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba ko a Idi. Maza da katin zaɓe a aljihu, mata da goyo da ƙullin ɗumame na guzuri, tsofaffi kan tabarmi, Hajiya Fatsuma kan jakin da aka nemo mata. Babu mai zagi, babu mai ihu. Jira kawai ake, cikin ladabi.

Alhaji ya fito da babbar riga, ya yi turus. Gide ya matsa, ya cire takalmi, ya rusuna.

"Barka da asuba, Alhaji. Mun amsa kira. Ta gada za mu bi ko ta rafi? Don tsofaffi."

Na ga Alhaji yana lissafi a fuska. In ya nufi Tafoki, ya kwashe nasa da na wasu ya kai su inda babu komai, shi ma ya rasa ƙuri'arsa. In ya koma ciki, taron nan ba mai tashi. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, an sake shawara. Na yi magana da na sama, an maido akwati firamare."

"Allahu Akbar!" in ji Gide. "Kun ji shugaba mai jin kukan talaka. To bismilla, Alhaji, kai ke gaba."

Haka Alhaji Uwais ya ratsa gari da ƙafa, gari duka a bayansa, har ƙofar aji uku inda akwatin ke zaune bai taɓa motsi ba. Da ya zo daidai dalbejiya ya hango ni, domin itacen bai kai ni kauri ba. Bai tsaya ba. Ya ce kawai, "Nata'ala, mun gode," da irin muryar da ake yi wa mamaci addu'a.

A akwatinmu ɗan takarar Maƙera ya ci da 'yar tazara. Da aka haɗa na sauran ƙauyuka aka ce na jam'iyya mai mulki ne ya yi nasara, kuma har yau ana kai da kawowa a kotu. A teburin mai shayi, Maƙera na cewa an so a sace masu zaɓe da rana tsaka. Gabas na cewa saye na aka yi, kuma a nuna masu wani shugaban da ya taɓa fito da jama'a zaɓe kamar Alhaji. Wannan zancen fito da jama'ar dai gaskiya ne, ba a taɓa ba.

Washegarin zaɓen Gide ya zo har gida, yana kirana jarumi a gaban Hussaina, ita kuwa tana tari. Ya ce yana so in zaga gari in ce an yi aringizon ƙuri'u a Mabai.

"Mabai ta Kankara? Ina ruwan zaɓenmu da Mabai?"

"To a ƙauyukan gefe dai. Kowa ya san an yi."

"Ka gani da idonka?"

"Sai na gani?"

"Shi ke nan. Zan ce Gide na gaishe ku, ya ce ku taru ƙofar gidanshi shi kai ku inda aka yi."

Ya sosa ƙeya, ya ce bari dai ya ƙara bincike. Ya fita yana cewa ashe har yanzu bakin gwamnati ne ni.

Ranar Litinin Salahuddeen ya zo da takarda mai hatimi, wai an sake tsarin rabon kayan aiki. Na miƙa masa lasifikar, na nuna masa inda wayar ke kwancewa. Alawus ya bi ta. Ba zan ce ban ji zafi ba. Na yi kwana biyu ina ba kaji amsa da tsawa.

Bayan mako uku aka turo ma'aikatan allurar shanu. Salahuddeen ya zaga sau biyu, murya kamar ta rediyo, hukuma na gaisuwa. Ma'aikatan suka wuni a filin makaranta da akwatin ƙanƙara, saniya huɗu suka gani, uku na Alhaji ne. Mai Gari, wanda ya dawo da ido ɗaya a naɗe, ya sa aka kira ni.

"Nata'ala, sun karɓi ƙarfensu, ko?"

"Sun karɓa, ranka shi daɗe."

"Maƙogwaron fa, shi ma da hatimi?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"To tahi ka ce ni na gaishe su. Gobe sanuwata za a fara yi mawa."

Na fita na tsaya bakin injin niƙa, na sa hannu a kunne, na ja numfashi. Muryar ta fito da tsatsa, a tsayuwa ta biyar ma sai da na roƙi ruwa. Washegari kafin azahar allurar ta ƙare, aka koma Faskari ɗauko wata, Gide na tsakiyar fili yana rantsuwa bijiminsa ne a gaban na Alhaji a layi.