Injin Da Hannunta Ba Ya Kaiwa

Injin wankinsu ya mutu da zanen gado a cikinsa. Mai gyara ya zo, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya tashi ya karkaɗe wando ya ce sai dai haƙuri. Wannan ne haƙuri na biyu da aka ba su a watan. Na farkon likita ne ya bayar, bayan ya daɗe yana kallon hoton ƙirjin matar, kuma tun da suka dawo daga asibiti mijinta, wanda ake kira Direba, ya hana a tayar da zancen a gidan.

Direba ya bar tuƙin babbar mota tun da aka sa masa ƙarfe a baya. Tafiya yana yin ta ƙyam da 'yar sandarsa, amma in makulli ya faɗi ƙasa sai dai ya tsaya su kalli juna. Matarsa, wadda yake kira Shugaba, ta daɗe a kan keken guragu. Ita ke ɗauko abin da ya faɗi, shi ke sauko da abin da ke sama. Wanki nata ne, don ƙofar tsohon injin a gaba take, daidai gwiwarta. Shi iyakar saninsa da wanki, ya ajiye riga da datti ya same ta a goge.

A shagon kayan lantarki ya tura kekenta kai tsaye layin masu ƙofa a gaba.

"Ga irin namu," ya ce wa mai shagon. "A ɗaura mana wannan."

Shugaba ta juya kekenta da kanta, ta nufi ɗaya layin, inda injinan ke da murfi a sama. Mai shago ya bi ta da sauri, tumbinsa na gaba.

"Mama, wannan ai ba zai yi miki ba. Daga zaune hannunki ba zai kai ciki ba. Masu keke, mai ƙofar gaba muke ba su."

"Na sani. Masu ƙarfe a baya fa, wanne kuke ba su?"

Mai shago ya kalli Direba. Direba ya shiga karanta takardar da ke jikin wani firji, da turancin da bai iya ba. Ya san sarai inda ta dosa. In suka sayi mai murfi a sama, to sun yarda da maganar likita ke nan, a gaban mutane, har da rasit. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

"Ni ba na wanki," ya ce.

"Za ka fara."

"Ai muna da 'ya. Za ta riƙa zuwa."

"Za ta zo, ta sake zuwa, daga nan ta kwashe ka zuwa gidanta can saman bene, ta ajiye ka gaban talabijin da bargo. Kana so?"

Ba ya so, ita ma ta san ba ya so.

Mai shago, da ya ga ciniki na neman ɓaci, ya nuna musu wani mai ƙofar gaba da aka ɗora kan mazauni, ya ɗago daga ƙasa. Ya ce da wannan kowa ya samu. Direba ya ji kamar ya rungume shi.

Shugaba ta matso da kekenta. Ta zaro hankici daga aljihun mijin, ta jefa shi can ƙuryar injin. Direba ya zura hannu har gwiwa, ya lalubo iska. Ya karkace, bayansa ya ƙi. Ya tsaya haka hannu a ciki, har wata mata mai sayen fanka ta tambaya ko a taimaka masa.

Suka koma layinta. Ta sa aka buɗe murfi ɗaya bayan ɗaya, tana ƙin masu zurfi, har aka zo kan wani gajere. Ta cilla hankicin ciki. Direba ya zura hannu yana tsaye ƙyam, yana fatan kada ya kai. Ya kai.

"Ba ni sandarka," ta ce.

Maɓallan suna can baya, nesa da ita, don haka da bakin sandar ta riƙa nuna masa. Farare daban, masu launi daban. Omo kaɗan, ba irin zubin da yake yi wa sukari a shayi ba. A duba aljihu kafin a saka wando. A juya wannan zuwa nan, a danna wancan, a rufe murfi.

"Ka gane?"

Ya gane tun karon farko, abin ba wuya. Ya dubi hannunta da ke riƙe da sandar, ya ga yadda zoben ya yi mata yawa.

"Ban gane ba," ya ce. "Sake nuna mini."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗaga sandar, ta fara daga farare.