Ƙafar da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Wata goma sha ɗaya ke nan Baba bai huda fata ba. Shagon kam kullum sai ya buɗe shi, ƙarfe takwas daidai. Ya share, ya jera basilla da wuƙa da guduma a kan tebur kamar mai shirin aiki, sannan ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon ƙafafun masu wucewa. Shekara arba'in da biyu yana ɗinkin takalmi, mutanen layin nan duk ta ƙasa ya san su. Amma tun ranar da Inna ta rasu, duk wanda ya kawo aiki sai ya ce masa ya gwada gaba, hannunsa ba daɗi. Hannun kuwa lafiyarsa ƙalau, kowa ya sani.

Da ya ce ƙarshen wata zai mayar wa mai ginin shagon makullinsa, Yaya, babban ɗansa, ta waya ya ce ai gara haka, tsoho ya huta. Auta, ƙaramar 'yarsa, ba ta yarda ba. Ita ta san irin hutun. Mutumin da shago ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki, in aka rufe shagon ai ɗakin ne zai cinye shi, kuma wannan tsoron ne ya hana ta sukuni. Sana'arta gina wa 'yan kasuwa shafin intanet, ta yi wa masu kayan gini, ta yi wa masu sayar da labule, ba ta taɓa yi wa ubanta ba. Sai ta ɗauki hutun mako biyu, ta rungumo kwamfutarta, ta share wuri a ƙarshen teburin aiki tsakanin gwangwanin gam da dunƙulen kakin zare, ta zauna.

"Me kike ginawa ne da ba a jin ƙarar guduma?" in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Shago nake gina maka, Baba. Akwai babbar manhaja da ake ɗora shafi a kanta, ita fanko take zuwa, bango da ƙofa kawai. Sai a riƙa jona mata ƙananan manhajoji, filogin muke ce musu. Wannan ya jera hotuna, wannan ya karɓi oda, wannan ya aiko maka da saƙo a waya."

"Wato shago na biyu za ki ba mutumin da ya gaji da na ɗaya."

Mai gyaran agogo, maƙwabcinsu na shekara talatin, ya leƙo da gilashinsa a goshi ya ce, "Bar ta ta gina. Shagon da ba a shara ai ya dace da kai yanzu." Baba ya ce masa ya koma ya gyara agogon bangon shagonsa tukuna, wanda ya tsaya a ƙarfe huɗu tun suna da baƙin gashi.

Kwana uku aikin yana tafiya sumul. Auta ta sauko da tsofaffin takalman da ke kan kanta, ta goge su, ta ɗauki hotonsu a bakin taga inda haske ya fi kyau. Ta jona filogin ɗin hotuna, ta jona na oda. Ran na huɗu ta jona na zaɓen lamba, wanda duk mai sayar da takalmi ke sawa, ta juya kwamfutar ta nuna wa Baba da alfahari. Ga lambobi nan a jere, daga talatin da shida zuwa arba'in da shida, mutum ya taɓa tasa ya wuce.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Arba'in da biyun nan, ta waye?"

"Ta kowa ce, Baba. Duk mai sa arba'in da biyu."

Ya tashi, karon farko da ta ga ya tashi da sauri tun zuwanta, ya jawo durowar sama ta doguwar kabad ɗin nan ta bayan shago. Ƙamshin tsohuwar takarda da fata ya bugi hancinta, sai ta ji kamar an mayar da ita 'yar shekara bakwai. Takardun buhun siminti ne, an yanka su an goge, ɗaruruwa, kowace da zanen ƙafa biyu na fensir. Baba bai taɓa tambayar mutum lambarsa ba. Sai dai ka cire takalmi ka taka takarda, ya durƙusa ya zagaye ƙafarka, ya rubuta sunan da shi ya raɗa maka a kusurwa.

Ya zaro uku ya shimfiɗa. "Ga Direba Mai Dogara Hagu. Ga Malamin Lissafi. Ga Agwagwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sanin haka nake kiransa ba. Duk ukun in suka je kanti arba'in da biyu za a ba su. Dube su da kyau. Kin ga ƙafa ɗaya a nan?"

Ba ta gani ba. Ɗaya faffaɗa ce kamar faranti, ɗaya siririya, ɗaya babban yatsanta ya kauce gefe kamar ya yi fushi da 'yan'uwansa.

Nata zane-zanen ma suna can gida a akwatin Inna, ta sani, tun daga ƙafar da ba ta kai tafin hannu ba. Ta tuna yadda fensirin ke yi mata cakulkuli in ya zo cikin tafin ƙafa, tana tsalle, Baba yana cewa in ta sake motsi zai ɗinka mata takalmin kaguwa. Ta tuna Inna tana shigowa da kwanon abincin rana, ta ajiye, ta ɗaga ƙafa ta nuna masa silifas ɗinta da ya sha faci har ba a gane asalin launinsa. "Duk garin nan ka ɗinka wa, har da waɗanda ba sa gaishe ka. Ni ce dai ban da ƙafa." Shi kuwa ba ya ko ɗagowa, sai ya ce, "Naki ba na gaggawa ba ne. Ke ai kina nan." Su yi dariya su duka, har da mai agogo ta bayan bango. Auta ta yi kewar wannan dariyar ƙwarai.

Da yamma ta cire filogin ɗin lamba. Ta shiga neman wanda zai bar mai saye ya zana ƙafarsa a gida, ya ɗauki hoto, ya turo tare da odarsa. Na farko da ta samu, tana jona shi shafin gaba ɗaya ya yi fari fat, ba hoto ba rubutu. Mai agogo ya ce to, an yi gobara a sabon shago. Sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kashewa tana kunnawa kafin ta gano shi da na hotuna ne ba sa ga maciji. Ta cire shi, ta samo wani mai sauƙin kai.

Saura bayanin yadda ake zanen, kuma wannan ba ta da shi sai a bakin Baba. Ta san in ta roƙe shi ba zai faɗa ba, don haka ta karanta nata da ƙarfi: "Ka zauna a kujera, ka ɗora ƙafarka a takarda..."

"Ya zauna? Wa ya ce miki ana zana ƙafa a zaune? A tsaye! Nauyin mutum ne ke faɗin gaskiyar ƙafarsa. Kuma da la'asar, bayan ta sha yawo ta buɗe. Fensir a miƙe, kar a kwantar da shi. Ƙafa biyun duka, don ba a taɓa yin biyu iri ɗaya ba. Kuma tunda hoto ne, a ajiye rula a gefe, in ba haka ba ta ina zan san girmanta?"

Ya ankara da "zan" ɗin da ya fito daga bakinsa, ya gyara zama ya ce, "Wanda zai ɗinka nake nufi." Auta ta rubuta komai, ba ta bari ya ga murmushinta ba.

Ana saura kwana biyar wata ya ƙare ta gama. Abin da ya rage gwaji ne, ta tura oda ta ƙarya ta ga ko za ta isa. Baba ya tafi aski. Tana buƙatar zanen ƙafa, amma ba ta so ta ɗauki na wani mai suna ta saka a shafi ba da saninsa ba. Ta bi durowa ɗaya bayan ɗaya, duk da sunaye. Sai a ta can ƙasa, wadda sai an durƙusa an ja da ƙarfi, ta sami takarda guda ita kaɗai, a shimfiɗe, babu ko harafi a kusurwarta. Ta ce yawwa, wannan ba ta kowa ba ce. Ta ajiye rula a gefe, ta ɗauki hoto, ta cike fam ɗin, a wurin suna ta rubuta "Gwaji", ta tura. Oda ta shiga lafiya lau. Ta mayar da takardar, ta rufe shago, ta tafi kai wa Yaya saƙo a ɗaya gefen gari, can ta kwana. Ta manta sarai cewa tun da safe ta riga ta saita filogin ɗin saƙo a kan wayar Baba.

Washegari tun daga kwanar layi ta ji ƙarar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a yi shiru, a sake. Ta tsaya cak. Da wannan ƙarar ta yi rarrafe, da ita ta koyi karatu, ko cikin guduma ɗari za ta gane ta. Mai agogo yana tsaye a ƙofar shagonsa, bai yi tsokana ba, kai kawai ya gyaɗa mata.

Baba yana kan bencinsa, tabarau a karan hanci. A gabansa ga takardar durowar ƙasa an danne kusurwoyinta da ƙusoshi, ga wata fata mai laushi, ja mai duhu, da Auta ta sha gani a naɗe a saman kabad ba ta taɓa tambaya ba. Ya riga ya yanka tafin takalmin ƙafar dama.

"Baba, wannan odar ai gwaji ce. Ni na tura. Na ga ba suna ne, shi ya sa..."

"Na san gwaji ce. Na iya karatu." Bai ɗago ba. "Ina kan kujerar aski waya ta yi ƙara. Na duba, sai ga ƙafar Innarku."

Auta ta nemi bango ta jingina. Yanzu da aka faɗa, ta gani: ƙaramin yatsan hagu da ke hawa kan na kusa da shi, siririn diddigen nan. Sau dubu nawa ta ga ƙafar nan tana shiga da fita, amma ba ta gane ta a takarda ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda.

"Ka yafe mini, Baba. Wallahi ban sani ba."

"Shekara tara ke nan da ta tsare ni a nan, ta ce ba za ta ajiye kwanon ba sai na zana. Na zana. Na sayo fatar a satin. Kullum in na ɗauko sai wani ya shigo da na gaggawa." Ya ja zare cikin kaki, ya sake ja. "Duk wanda ya yi mini magana da ƙarfi na ɗinka masa. Ita da wasa take faɗa, ni kuma na ɗauka wasa ne."

"To yanzu wa zai sa?"

"Ba a tambaye ni wa zai sa ba. An aiko ƙafa, an ajiye rula a gefe yadda na ce. Ban taɓa mayar da ƙafar da ta zo daidai ba."

Ta goge ido ta ce ko ita za ta iya sawa, tunda kowa na cewa ƙafar Inna ta ɗauko. Sai a lokacin ya ɗago, ya dube ta ta saman tabarau, ya sauke ido kan takalmin kanti da ke ƙafarta.

"Nata nata ne. Diddigenki ya fi nata faɗi tun kina aji uku. Cire wannan abin kunyar, ɗauko takarda."

"Ai da la'asar ka ce ake yi."

"Daga tasha kika tako, ta buɗe. Hau."

Ta hau, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara. Fensirin ya bi gefen ƙafarta a hankali, ya zagaya yatsu, da ya iso cikin tafin sai ta zabura tana dariya hawaye na zuba. "Motsa ki gani," in ji shi, "in ban ɗinka miki na kaguwa ba."

Da ya gama ya ɗaga takardar ya duba a haske. Ta ce bai rubuta suna ba. Ya ce na gida ba a rubuta musu. Ya juya wajen kabad kamar zai nufi durowar ƙasa, sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da takardar a hannu, sannan ya dawo ya miƙa mata, ya ɗauko rula ya ɗora a kai.

"Ɗauki hotonta ki tura ta cikin abin naki, ta bi layi kamar ta kowa. Kuma ki ƙara wa wayar nan ƙarfin ƙara. Ashe ni sai an yi mini ƙara nake ji."

Ya leƙa waje ya ƙwala wa mai agogo kira, ya ce in mai gini ya zo neman makulli a ce masa akwai aiki biyu a gaba. Auta ta shimfiɗa takardar a bakin taga, ta daidaita rular. Ta tura. Wayar ta yi ƙara a aljihun Baba, ya ciro ta, ya duba ƙafar kamar bai taɓa ganinta ba.

"Wannan jibi," ya ce. "Ba za ta kai shekara tara ba."