Ma'aunin Haske a Kan Gorar Mangwaro

Duk hotunan malaman da suka shugabanci haikalin ƙauyenmu a Lamphun, babana ne ya ɗauke su da kyamarar fim, suna jere a bangon haikalin. Da ya rasu kyamarar ta dawo hannuna. Goggo Samruai, shugabar kwamitin haikali, ta ce in hoton Luang Ta Bunmi, malamin da ke shugabanci yanzu, bai fito ba, surukinta zai ɗauka da waya.

"Shekara huɗu a jami'a, magana ma ba ta iya ba," in ji ta, ina tsaye a wurin.

Luang Ta ya haura tamanin, ya ce sau ɗaya zai zauna, sau ɗaya za a danna. Ya zauna kusa da taga, bayansa farin bango tas. Na san sharrin farin bango: in kyamara ta gan shi sai ta ɗauka haske ya yi yawa, fuska ta fito baƙi ƙirin. Dole in kai ma'aunin haske ƙarƙashin haɓarsa. Amma ni mace ce, kuma a addininmu mace ba ta taɓa malamin haikali, ko gefen mayafinsa ba zan taɓa ba.

Kawu Prasit mai sayar da taliya ya ce, "Kawo nan, Jiap, aikin maza ne." Ya rarrafa a kan gwiwa, tumbinsa ya tare tagar gaba ɗaya. Allurar ma'aunin ta kwanta.

"Ta ce dare ya yi," in ji shi.

"Kai ne daren, Prasit," in ji Goggo. "Matsa!"

Ya koma ɗaya gefen, sai ya ɗora babban yatsa a kan idon ma'aunin.

A jikin bango na hango gorar da ake tsinko mangwaro da ita. Na ɗaure ma'aunin a kanta da robar gashina.

"Ke! Malam za ki tsinko?" in ji Goggo.

"Bar ta," in ji Luang Ta. "Ai na nuna."

Na durƙusa nesa, na miƙa gorar a hankali har ta tsaya ƙarƙashin haɓarsa. Daga inda nake ba na ganin allurar. Muryata da ƙyar ta fito.

"Luang Ta, don girmanka, nawa ta nuna?"

Ya sunkuyar da idanu har suka harɗe.

"Takwas. Shekarun da suka rage mini ke nan?"

Na saita kyamarar a takwas. Ina janye gorar, ta zungure Kawu Prasit a tumbi. Ya yi ƙara kamar agwagwa, Luang Ta ya tuntsire da dariya, yatsana ya danna.

Bayan kwana uku na kawo hoton. Fuskar ta fito har ƙananan layukan gefen ido, da haƙoransa uku. Goggo ta ce ba a taɓa rataye hoton malami yana dariya ba. Luang Ta ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wurin da babana ya bari a bango.

"Prasit, kawo ƙusa. Kada ka tare hasken."